Ƙofar da Surukina Ya Gina

Tun kafin ya zama surukina malamina ne, kuma daga nan matsalar ta samo asali. Da na san ƴarsa zan aura, da na juye masa duk gardamar da ke cikina tun ina ɗalibi, don daga ranar da aka shafa fatiha bakina ya mutu a gabansa.

Mutumin garin Tawa ne, dogo, mai tsadar magana, yana cikin na farko-farko da suka koyi aikin ordinater, wato kwamfuta, a ƙasar nan. Da rana yana aikin gwamnati a Yamai, da yamma yana koya mana rubuta lojisiyel, wato manhaja, a wata ƴar makaranta mai zaman kanta. Ni kuma na zo daga Maradi da jaka ɗaya da girman kai buhu guda. A ajinsa ban taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Yakan dube ni ta saman tabarau ya ce in zauna, bakina ya fi hannuna sauri.

A shekarun nan ne ya rubuta wani ɗan kayan aiki mai sauƙi. Ka ba shi lambar salula da saƙo, shi kuma ya miƙa wa kamfanin waya a tura. Ba abu ne da mutum zai buɗe ya yi amfani da shi kai tsaye ba, masu rubuta lojisiyel ne ke ɗauka su sa a cikin nasu, kamar yadda tela ke sayen zif ba ya ƙera shi da kansa. Ya ajiye shi a intanet kyauta, a buɗe, kowa ya ɗauka, ya leƙa cikinsa, ya gyara in ya iya. Wurin da lojisiyel ɗin wani ke shigowa ya ba da saƙonsa, abin da masu sana'armu ke kira API, shi ƙofa yake ce masa a aji, mu ma muka bi bakinsa. Ƙofa ɗaya tak ya yi masa.

Da ya kusa ajiye aiki sai ya kira ni ya damƙa mini kula da abin. Na yi murna kamar wanda aka ba fili a unguwar Yantala. A zirga-zirgar zuwa gidansa karɓar bayani ne na fara ganin wadda take ɗakina yanzu, kuma bayanin da ya kamata ya ƙare a zama biyu sai da na ja shi ya kai damina.

Ƙofar tasa tana da aibi guda. Duk saƙon da ka ba ta, sai ta ce ya tafi. Ko rezon waya ya ɗauke, ko lambar ta mutu, ko kamfanin ya ƙi karɓa, amsarta ɗaya ce, kamar Bahaushen da ka tarar kwance a gidan likita ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. A lokacin da ya rubuta ta wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, masu amfani da ita ba su da yawa kuma duk sun san juna. Amma abin ya yaɗu. Masu kantin magani suka ɗauka, makarantu suka ɗauka, har a ƙasashen maƙwabta. Ƙorafi ya fara zuwa, kuma duk a kaina yake sauka. Uba bai ji labarin taron iyaye ba, lojisiyel ya rantse ya tura masa, mai lojisiyel ya kira ni ya wanke ni tas.

Ana cikin haka wata mata ƴar Dakar ta shigo aikin. Har yau ban taɓa ganinta ido da ido ba, a shafin aikin muka haɗu, ta fara aiko da gyare-gyare masu tsafta har na ba ta mabuɗi muka zama mu biyu. Ta fi ni iya aiki. Ban ji daɗin gano haka ba, amma gaskiya ce. Tare muka gina sabuwar ƙofa wadda ba ta ɓoye komai: in saƙo ya tafi ta ce ya tafi, in ya maƙale ta faɗi dalili. Sai dai duk wanda zai koma sabuwar dole ya farke wani ɓangare na lojisiyel ɗinsa ya sake ɗinkawa, ya koya masa abin da zai yi in an ce masa saƙo bai tafi ba.

Ita ta rubuta mana ƙa'idar sallamar tsohuwar. Za a bar ta tana aiki, amma duk wanda ya bi ta zai ga gargaɗi a fuskar ordinater ɗinsa cewa kwananta ya kusa ƙarewa, ya koma sabuwa. Za mu fitar da sabon zubin lojisiyel ɗin sau biyu da gargaɗin a ciki, a na uku a toshe ta. Na karanta na ce ya yi. Har na ƙara da cika baki cewa wanda ya ga gargaɗi bai motsa ba shi ya jawo wa kansa. Kalmomin gargaɗin ma ni na zaɓe su, kuma ban sa musu sukari ba.

Na san mutanen garinmu ba sa karanta sanarwa, sai an je an gaishe su an faɗa musu da baki. Na hau kabu-kabu na bi waɗanda na sani buro-buro, wasu kuma na tare su a fadar da muke shan shayi da yamma. Sun yi ƙunƙuni, sun ce ba ni da aikin yi, amma suka sauya. Ina ta jin kaina shugaba mai tsari.

Wata rana muna cin abinci mai ɗakina take ba ni labarin Baba, mahaifinta, cewa tun da ya samu wannan aiki na tasha jikinsa ya dawo, har ƙiba ya yi. Na san yana zuwa wata tasha a unguwar Kalley kullum da safe. Direbobin garinsu masu ɗaukar kaya tsakanin Yamai da Tawa ne suka roƙe shi bayan ya ajiye aiki, ya rubuta musu lojisiyel, suka ba shi ɗan tebur da fanka a ɗakin ajiyar kaya. In mota ta sauke, ya shigar da lambobi, saƙo ya tafi ga masu kaya su zo su ɗauki albasarsu. Duk na san wannan. Abin da ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba shi ne ta wace ƙofa saƙonnin nan ke bi. Lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano. Ta wace kuwa za su bi, in ba wadda ya gina da hannunsa ba?

Wani zai ce ya zauna a kan tsohon zubi mana, kada ya ɗauki sabo. Ba ya yiwuwa. Kamfanonin waya ba sa zama wuri ɗaya, kowane ɗan lokaci sai sun sauya yadda ake miƙa musu saƙo, wanda bai ɗauki sabon zubinmu ba saƙonsa ya daina fita gaba ɗaya. Dole ya bi mu duk inda muka je. Ranar da muka toshe ƙofar, ranar teburinsa zai zama teburin banza.

Maganin a fili yake, a je a faɗa masa. Amma wa zai faɗa? Ni da in na je gidansu tun daga waje nake cire takalmi, in durƙusa can nesa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba tun da aka ɗaura. In na hango shi a hanya, kwana nake yi in bi wani lungu, shi ma ya yi kamar bai gan ni ba, kowa ya sauƙaƙa wa kowa. Mutumin da ya ba ni sana'a, ya ba ni aikinsa, ya ba ni ƴarsa, shi zan zauna a gabansa in ce abin da ka gina maƙaryaci ne za mu rushe shi? Na ɗan ɓullo wa ƴar Dakar da zancen, ta ce su ma suna da surukai a Dakar, in rubuta masa saƙo cikin ladabi a wuce wurin. Na yi dariya ni kaɗai a buro.

Sai na bi hanyar da muka gada. Na zaunar da mai ɗakina na yi mata bayani dalla-dalla: ƙofar ta tsufa, za a rufe ta, Baba yana buƙatar ya sauya. Ta ce ita ba za ta iya kallon idon mahaifinta ta ce aikinsa ya tsufa ba, amma za ta faɗa wa Inna, mahaifiyarta. Inna ta ce wannan maganar maza ce, ta kai ta wurin aminin Baba, wani Alhaji tela ɗan Damagaram mai shago a Kalley, wanda shi ya shige mini gaba lokacin neman aure. Daga baya na bi sawun maganar na ga yadda ta narke a hanya. Mai ɗakina ta ce wa Inna na damu da aikin Baba don ya daɗe. Inna ta ce wa Alhaji yaron nan ba ya da zance sai daɗewar aikin Malam. Alhaji kuma, da yake shi ba ya kai wa amininsa labari sai ya yi masa ado, ya ce yara sun gina sabuwa amma ta Malam ta ƙi mutuwa. Abin da ya dawo kunnena shi ne Baba ya yi murmushi, kuma a makon nan ya je ya kafa wa direbobin wata tashar irin lojisiyel ɗin. Na aika a rage wuta, aka ƙara itace.

Zubi na biyu ya fita, na uku ya gabato. Ƴar Dakar ta shirya komai, ta cire tsohuwar ƙofa tsaf, saura in duba in amince. Na fara kame-kame. Na ce kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Na ce zafi ya yi yawa ordinater ɗina yana mutuwa da kansa. Na ce a bari azumi ya wuce. Ta rubuto cewa ta lura kuran ɗin Yamai ba ya ɗaukewa sai an taɓo wannan magana. A ƙarshe zubi na uku ya fita da ƙofar a cikinsa, na huɗu ma haka.

Daga nan na san ina cikin rigar ƙaya. Duk lokacin da wani kamfanin waya ya motsa, sau biyu nake gyara, a sabuwa da tsohuwa, kuma tsohuwar ta fi cin rai. Ƴar Dakar tana da tsari mai kyau na sake tura saƙon da ya maƙale, amma ba ya zama daidai muddin tsohuwar tana nan, sai ya tsaya a rataye. Sababbin shiga kuma suna ganin tsohuwar ta fi sauƙi su bi ta, ƙorafin da na so in rabu da shi ya dawo sabo. Gargaɗinmu ya zama abin dariya. A fada waɗanda na tayar wa hankali suka sa ni gaba, wai na sa su gudun banza, in na ce gobe za a yi ruwa su shanya hatsinsu. Ƙofar nan ta zame mini ƙadangaren bakin tulu, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin Baba, na ji haushin Alhaji da adon bakinsa, na ji haushin wanda ya fara ƙirƙiro kunyar suruki. Haushin kuma a gida nake sauke shi, don can ne kawai nake da baki. Ranar da na ishe ta, mai ɗakina ta ce in dai jarumtar tawa ta kai haka, hanyar Kalley ba a rufe take ba.

Na tafi kuwa. Na shiga motar faba-faba da rana tsaka na sauka kusa da babbar kasuwa, na ratsa ta cikin masu amalanke da masu tallan ruwan sanyi har tashar. Warin albasa ya tare ni tun daga bakin titi. Ƙofar ɗakin kayan a buɗe take, na tsaya bayan wata mota ina hangensa. Ya matsa da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin ordinater, haruffan kuwa ya ƙara musu girma har ni da ke nesa ina iya karantawa. Ina tsaye gargaɗin ya fito, kalmomina, manya-manya. Ya sa yatsa ya kawar da shi ba tare da ya tsaya dubawa ba, irin na wanda ya saba. Ashe kullum da safe sai na yi masa rashin kunya a fuska, a rubuce, shi kuma bai taɓa aiko mini da ko tari ba. Na juya na koma buro da nauyin da ya fi wanda na zo da shi, don yanzu na san ya sani.

Ba da daɗewa ba ƴar Dakar ta kai ƙarshen haƙurinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ba ta rana kawai, ko da shekara biyu ce nan gaba, ta rubuta a ƙa'ida kowa ya shirya. In babu rana, za ta ɗauki kwafinta ta ci gaba ita kaɗai, kuma haƙƙinta ne, don haka aka yi abin a buɗe.

A wannan karon da ƙafata na je shagon Alhaji. Na durƙusa na faɗa masa komai tsirara, na roƙe shi don Allah kada ya yi wa maganar aiki a wuya, ya kai ta yadda take. Ya dube ni da allura a baki, sannan ya ce in dawo ranar Juma'a bayan an sauko.

Da na dawo na tarar da takalmin Baba a bakin shagon. Na so in juya, Alhaji ya riga ya gan ni. Na shiga na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, tsakanin tarin ƙyallaye, na yi gaisuwa. Baba yana kan kujera da carbi a hannu. Bai dube ni ba, Alhaji ya fuskanta, kamar su biyu ne kaɗai a shagon.

"Alhaji, ka hwaɗa ma yaron ga na ga rubutunai tun ranar da ya sa shi. Gaskiya ya rubuta. Ƙohwar tana ƙarya, na sani, ni na gina ta."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ni kuwa na ƙura wa wani guntun zare ido.

"Ka ce mishi idona ya tahi. Abin da ni rubuta da hannuna na san shi da ka, ko cikin duhu ina gyara shi. In wani ya sa hannu ciki, ko shi ne, na zama baƙo a wurin. Sai dai in koma gida in zamna ina jiran kiran salla."

Ya ja carbi kaɗan, sannan ya ƙarasa.

"Ban ce ya bar ma duniya ita ba. Ni ɗai ya bar ma, har in tahi. In na tahi ya toshe ta, ko ba a share makoki ba."

Alhaji ya juyo ya ce mini, "Ka ji." Na ce na ji. Duk hujjojin da na jero a hanya, da dabarun yadda zan sauya masa lojisiyel ɗin a rana ɗaya ba tare da ya wahala ba, ko ɗaya bai fito ba. Baba ya tashi ya laluba takalminsa da ƙafa, Alhaji ya raka shi har bakin titi. Na zauna ni kaɗai a shagon na daɗe.

Washegari na rubuta wa ƴar Dakar cewa babu rana. Wannan karon ban fake da kuran ba, na ba ta labarin daga farko har ƙarshe. Ta yi kwanaki ba ta amsa ba. Da ta amsa ta yi wa Baba addu'a mai kyau, ta ce ta fahimta, ta kuma ce duk da haka za ta tafi, don ba za ta iya gina aiki a kan ranar da ba a iya rubutawa ba. Ta ɗauki kwafinta ta sa masa wani suna, ta toshe ƙofar a makon farko. Da yawa daga masu amfani da namu sun bi ta, har da abokaina na fada, kuma da ni ne su da na bi ta. Nata ya fi nawa kyau yanzu, ina leƙawa wani lokaci in ga abubuwan da muka yi mafarkinsu tare suna aiki.

Ni na rage da ƙofofi biyu da tsoho ɗaya. Har yanzu in kamfanin waya ya motsa sau biyu nake gyara, kuma har yanzu ina tsaki in na buɗe tsohuwar. Na gaji da ita, na tsane ta, wannan bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne a da ina iya kwanciya in yi tunanin ranar da zan goge ta in ji sanyi a raina. Yanzu ba ni da wannan ma. Ranar hutuna ita ce ranar da mai ɗakina za ta zama marainiya, kuma duk lokacin da gajiya ta sa zuciyata ta fara leƙen wajen, sai in kamo ta da sauri in yi istigfari.

Kwanan baya wani saurayi ya rubuto a shafin aikin, ban san daga wace ƙasa ba. Cikin ladabi ya ce ya ga gargaɗin ya daɗe, yana son ya san takamaiman lokacin da za a cire tsohuwar ƙofa don ya tsara aikinsa. Tambaya ce mai kyau, wadda ta cancanci amsa. Ina karantawa ina jin mai ɗakina a tsakar gida tana waya da Inna, tana tambaya ko Baba ya ci abinci kafin ya fita tasha, ko ya tuna da maganin idonsa.

Na rubuta masa cewa ba yanzu ba. Na tura, na ji bakina yana cewa Allah ya sa.